Eskoshan ɗin 'yan sakandare: wane aji ya kamata a kai, kuma ina?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin da makarantu ke aiko wa iyaye takardar kuɗin eskoshan ya ƙarato, gara mu buɗe maganar tun kafin a fara karɓar kuɗi, don akwai abin da ake yi a baibai. Yawancin makarantu 'yan SS3 suke ɗiba, a mayar da tafiyar walimar bankwana. Alhali tun farkon SS1 yaro yake zaɓar ɓangarensa, ko kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Kafin ya kai tsakiyar SS3 an riga an yi masa rajistar WAEC da darussan da zai zauna, JAMB kuma tana bakin ƙofa. Sai ka kai shi tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, ya ga abin da ya burge shi, ya dawo yana cewa shi injiniya zai zama, alhali bai taɓa shiga ajin fiziks ba. Ka ɗora masa buri bayan ƙofa ta rufe. A ganina 'yan JSS3 ya kamata a kai jami'a, ko 'yan SS1 a makonni shida na farko, lokacin da canja aji bai zama rigima ba. A Kano hujjar ta fi ƙarfi ma, tunda makarantun kimiyya irin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe tun 1977, daga JSS3 ake zana jarrabawar shigarsu. Masana, ku gyara mini.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin a kai ga wane aji, a fara gaya mana ko tafiyar ma tana da amfani. Kada wani ya kawo mini "tafiya mabuɗin ilimi", kowa ya san karin maganar. Abin da iyaye ke gani shi ne a karɓi kuɗi, a buga riga mai tambarin makaranta, a cika bas, a zaga gidan zu da babban kanti, a dawo da hotuna. Yaron da ya ci JAMB karatu ya yi, ba yawo ba. Kuɗin bas ɗin nan da ya saya masa littafin tambayoyin shekarun baya har da canji.

Dakta Rabi:
Baban Amira, irin wadda ka kwatanta kam asarar kuɗi ce. Amma abin an auna shi, ba hasashe ba ne. Masu bincike a Jami'ar Arkansas da ke Amurka sun ɗauki 'yan aji na takwas, wato tsarar 'yan JSS2 namu, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya takardun bayani kan jami'a kawai aka ba su. Ɗaya kashin aka ba su takardun, aka kuma kai su cikin jami'ar sau uku a shekara guda. Waɗanda aka kai sun fi sanin yadda ake shiga jami'a, sun fi zuwa wajen malamansu da tambaya a kan haka, kuma da suka shiga aji na gaba sun fi zaɓar darussan kimiyya masu wuya. Ka lura da abin da ya canja: zaɓin darasi da yawan tambaya. Wannan shi ne maganar Malam Habu. Tafiya ba ta ƙara wa yaro maki a JAMB, tana sa shi ya shiga ajin da ya dace tun da sauran lokaci.

Akwai wani binciken kuma a jihar dai, kan ɗalibai kusan 11,000 da gidan adana zane-zane na Crystal Bridges. Nan ma ƙuri'a aka yi. Waɗanda suka je sun fi iya duba abu su yi sharhi a kansa, sun fi haƙuri da ra'ayin da ba nasu ba, kuma canjin ya fi fitowa a yaran karkara da 'ya'yan talakawa. Ɗan da gidansu akwai lakcara ya riga ya san jami'a. Wanda a zuriyarsu babu wanda ya taɓa wuce ƙofar jami'a, shi tafiyar take yi wa aiki.

Baban Amira:
To ai kin ji, Dakta, Amurka kika ce. Can idan yaro ya zaɓi kemistiri akwai malami akwai ɗakin gwaji. Nan fa?

Dakta Rabi:
Wannan gaskiya ce, ba zan ja ba. Kuma ga wani abu a binciken farko da ya kamata ya dame mu: yaran da aka kai jami'a sha'awarsu ta shiga makarantar koyon sana'a ta ragu. A wajenmu wannan matsala ce babba, domin guraben jami'a ba su isa ba. In ka nuna wa yaro jami'a kaɗai, ka koya masa raina poli da kwalejin fasaha. Duk ranar da za a je jami'a a haɗa da wurin da ake aikin hannu na zamani.

Injiniya Bala:
Bari in sauko da maganar ƙasa. Ga makarantar da ke Kano, Katsina, Jigawa ko Kaduna, babu garin da ya kai Zariya biyan buƙata a yini ɗaya, saboda abubuwan a jere suke kan hanyar Samaru zuwa Shika. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take. A gefenta akwai cibiyar binciken noma ta IAR, gaba kaɗan a Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi da asibitin koyarwa, ga kwalejin koyon aikin jiragen sama da aka kafa a 1964, ga cibiyar fasahar fata da ta fasahar sinadarai. Haɗarin shi ne kwaɗayi. Shugaban makaranta sai ya jera wuri bakwai, yara su yi ta hawa da sauka, a kowane wuri minti ashirin, rabinsa a neman wanda ke riƙe da makulli. Wuri uku ya isa.

Daga Kano a tashi ƙarfe shida da rabi, a shiga Samaru wajen tara. Wuri na farko ya zama ɗakin gwaji ko wurin ƙere-ƙere inda ɗalibai ke kan aiki, minti casa'in. A raba yara goma-goma, in sun fi haka na baya ba sa jin komai, sai su koma wasa. Kada a yarda a zaunar da su a babban zaure wani ya yi musu tarihin jami'a na awa guda, wannan a aji ma za a iya yi. Abin da ake so shi ne yaro ya ga an sa sandar ƙarfe a injin gwaji ana ja har ta tsinke, a nuna masa adadin da ta jure, a ce masa saboda wannan lissafin gada ke tsayawa. Kuma wanda zai yi bayani ya zama ɗan aji uku ko huɗu na jami'ar, mai jin Hausa, wanda ya fito daga makarantar gwamnati irin tasu. Farfesa a wajen ɗan shekara goma sha huɗu wani mutum ne na daban. Ɗan aji uku kuwa yayansa ne, zai tambaye shi maki nawa ya ci, sau nawa ya zauna, ina yake kwana, nawa yake kashewa a wata.

Wuri na biyu ni IAR zan zaɓa, ko da yaran ba noma suke so ba. Irin da iyayensu ke saye a kasuwa mai suna SAMMAZ na masara, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga, "SAM" ɗin nan Samaru ce. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Ɗan manomi da yake ganin noma wahalar da yake son ya guje wa, in ya ga mutum da digiri uku a cikin gona yana haɗa auren fure, sai ya gane akwai noman da ake yi da biro. Amma a kula da lokaci. Gonakin gwaji na damina ne. In ka je a Fabrairu kara da ƙura za ka tarar. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ne lokacinsa, wanda ya faɗa daidai makonnin farko na SS1 da Malam Habu ya ambata. In dole sai da rani, a nufi Kadawa, inda suke da tashar noman rani, a haɗa da ganin yadda ruwan dam ɗin Tiga ke biyo magudana har ya shiga gonakin Kura.

Ƙarfe ɗaya da rabi salla da abinci, wuri na uku awa guda, ƙarfe uku a kama hanya. A shiga gida kafin magariba ko da ba a gama ba.

Abba Zariya:
Injiniya, ka manta da CERT, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar. Yara da yawa ba su san akwai na'urar nukiliya a Zariya ba.

Injiniya Bala:
Ban manta ba, Abba. Ƙarama ce ta bincike, kilowat 30, tun 2004 take aiki, kuma ba wutar lantarki take bayarwa ba, gano sinadaran da ke cikin ƙasa, dutse ko abinci ake yi da ita. Wuri ne mai tsaro, ba inda za ka sauke bas biyu ba ne. Wannan na zaɓaɓɓun 'yan SS2 masu ƙarfi a fiziks ne, su kaɗan, a aika sunayensu tun da wuri.

Kwalejin jiragen sama kuma akwai gargaɗi. Duk yaron da ya shiga wurin, matuƙi yake so ya zama kafin ya fito. Kuɗin koyon tuƙin jirgi miliyoyin naira ne masu yawa, in ba gwamnatin jiha ko kamfani ya ɗauki nauyi ba ɗan talaka ba ya iyawa. A roƙi masu masaukin su kai yaran wajen masu gyaran jirgi da masu ba jirgi hanya a sama, su ma sana'o'i ne, kuma duk lissafi da fiziks da Turanci suke nema.

Hajiya Firinsifal:
Injiniya ya yi maganar cikin Zariya, ni bari in yi ta kafin a isa, don nan ake faɗuwa. Wasiƙa ta tafi aƙalla mako shida kafin ranar. A rubuta wa magatakardan jami'a, a ba shugaban tsangayar da ake son gani kwafi, a faɗi adadin yara, ajinsu, da abin da ake so su gani ƙarara. Wasiƙar da ta ce "ziyarar ilimi" kawai, zagayen gine-gine za a yi muku. Kada a dogara da wasiƙa, malami ɗaya ya taka ya je, ya san mutumin da zai tarbe ku, ya karɓi lambarsa. Ya kuma duba kalandar jami'ar: makon jarrabawa ɗakunan gwaji a rufe suke, lokacin hutu babu ɗalibai. In ana ƙishin-ƙishin yajin aiki a tanadi wurin da ba na jami'a ba, kowa ya ga 2022 da aka yi wata takwas jami'o'i a rufe.

Makarantar gwamnati sai da izinin ofishin shiyya a rubuce. Takardar amincewar iyaye kuma kada ta zama sa hannu kaɗai. A sa gurbin lambar waya biyu, da tambayar ko yaro na da sikila, asma, farfaɗiya ko olsa, da maganin da yake sha. Mai sikila ruwa yake buƙata da inuwa, kada a bar shi ya yini a tsaye a rana. Malami ɗaya ga yara goma, kowane malami da sunayen nasa a takarda, a ƙirga duk lokacin da za a hau mota, ba a tambayi yara "kowa ya shigo?" ba. Jaka ɗaya ta magani: gishirin zawo, farasitamol, bandeji, auduga ta mata, ledar amai. Abinci daga makaranta a dafo, mara miya mai saurin lalacewa. Rabin matsalar hanya daga abin da yara suka saya ta taga take fitowa.

Kuɗi kuma, mota ce ke cinye mafi yawa. A raba jimilla da adadin yara, a ƙara kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, a manna lissafin a allo iyaye su gani. In aka ɓoye lissafi dole Baban Amira ya yi zargi. Sannan yaran da ba za su iya biya ba, su ne Dakta ta ce tafiyar ta fi yi wa amfani. In an bar su a gida an yi aikin banza. Ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ta ɗauki kujeru biyar a kowace bas, a shiru, ba tare da an kira suna a taron safe ba.

Alhaji Ɗanlami:
Hajiya, a ƙara da na mota, don shi ne aikinmu. Kosta mutum talatin take ɗauka, Hiace goma sha takwas in an matsa. Kada a ce yara ne a cusa huɗu a kujerar uku. Mota a kawo ta makaranta ana gobe tafiya, a gan ta da ido. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana cewa taya in ta shekara huɗu da ƙerawa ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba. A duba safaya ko da iska, da jak, da birki, da fitila. Direba ya kwana a gari, ba wanda ya sauka daga Legas da asuba ba. Malami namiji babba ya zauna gaba, wanda zai iya ce wa direba rage gudu. In mota biyu ce, mai rauni ta shige gaba. Kuma kada a biya kuɗi duka, a riƙe kashi ɗaya cikin uku sai an dawo, in ba haka ba ƙarfe biyu direba zai fara ɗaga muku hankali yana son ya koma tasha ya yi lodi.

Maman Sadiq:
Duk na ji, amma maganar tsaro fa? Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, Jangebe da Kagara a 2021, Kuriga a 2024, wace uwa za ta sa hannu a ɗauki ɗanta a bas mai tambarin makaranta?

Hajiya Firinsifal:
Maman Sadiq, tsoronki a kan hanya yake. Shi ya sa wurare masu kyau da dama yanzu an cire su daga lissafi. Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 da na Shiroro sun fi ko'ina dacewa da yaro mai son injiniyan lantarki, amma ba mai hankalin da zai kai yara ta waɗannan hanyoyin a halin da ake ciki. Ƙa'idar ita ce babbar hanya kawai, da rana kawai, ba ƙyalle mai sunan makaranta a jikin mota, ba a sa rana da hanya a Facebook kafin a tafi, hotuna sai an dawo. A sanar da DPO na yankin. Kuma ba dole sai an yi nisa ba. Makarantar da ke Ɗambatta ko Rano, Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano sun ishe ta. Ta Gwadabawa ko Bodinga, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cibiyarta ta binciken makamashi.

Ga 'yan mata kuwa tafiyar yini ɗaya ce ke samun sa hannun uba. Da an ce kwana, rabin ajin ya zauna. Malamai mata su raka, a gayyaci uwa ɗaya ko biyu daga cikin iyaye su shiga motar. Uwar da ta ga ɗaliba da hijabinta da farar rigar ɗakin gwaji tana bayani, ita za ta je ta yi wa sauran iyaye magana a gidan biki, abin da wasiƙar makaranta goma ba za ta yi ba. Saboda haka a faɗa a wasiƙa cewa ana so mace ta kasance cikin masu bayani.

Sista Maryam:
Ni ƙorafina kan masu kai yara asibitin koyarwa ne. Kowa ya dawo likita. A aji mai yara sittin, arba'in su cike likitanci a JAMB, alhali kowace jami'a akwai adadin da hukumar likitoci ta ƙayyade mata, ba ta isa ta wuce ba. Sai yaro ya shekara uku yana maimaita JAMB, ko a jefa shi kwas ɗin da bai taɓa ji ba ya yi shi da ɓacin rai. Asibiti ba likita kaɗai ba ne. A kai su ɗakin gwajin jini, wajen ɗaukar hoto, wajen gashin ƙashi, kantin magani, ɗakin haihuwa daga waje. Kowanne kwas ne mai zaman kansa, kuma darussan JAMB ɗinsu ɗaya ne da na likitanci, fiziks, kemistiri, bayoloji da Turanci. A gaya musu shekarun ma: likitanci shida ne kafin shekarar horo da hidimar ƙasa, aikin jinya a jami'a biyar. Yarinyar da gidansu ke maganar aure bayan sakandare tana buƙatar ta ji wannan adadin tun tana SS1, ta san da me za ta tunkari iyayenta.

Kuma don Allah kada a shigar da yara ɗakin marasa lafiya suna leƙen mutane a gado. Ba ilimi ba ne, cin mutunci ne.

Malam Issoufou Maraɗi:
Sallama ga 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar haka abin yake, suna ne ya bambanta. Bayan BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ake raba yara, wasu su tafi A ta adabi, wasu C, daga baya masu kimiyya su rabu C da D. Wanda ya shiga A ya yi ban kwana da likitanci ko injiniya. Saboda haka 'yan ajin BEPC ya kamata a kai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, duk a nan kusa. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai yana da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a yankin Agadas da ragowar itacen Tenere, bishiyar da ta taɓa tsayawa ita kaɗai a tsakiyar hamada, amma tafiyar ta haura kilomita 600, sai an kwana, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyaye.

Malam Habu:
Madalla Malam Issoufou. Maganar gidan tarihi ta tuna mini 'yan adabi, waɗanda kullum ake mantawa da su ko a haɗa su da 'yan kimiyya su yini suna hamma a ɗakin gwaji. Mai son shari'a a kai shi kotu ranar zama, ya zauna a baya ya saurara, sannan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda tsangayar shari'a take. A gaya masa shekara biyar ce da ƙarin ɗaya a makarantar lauyoyi, kuma ba adabin Turanci ba shiga. Yara da yawa suna ajiye wannan darasin a SS1 don littattafansa sun yi yawa, sai a SS3 su ji labari. Mai son tarihi Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, ko Gidan Makama a Kano. Masallacin Juma'a na Zariya kuma, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, na kowa ne. Tunda wani ɓangarensa ya rufta a 2023, a nuna wa yaro hoton bakan gizon, a tambaye shi me ya riƙe rufin nan ba ƙarfe ba siminti. Daga nan a wuce da shi sashen zanen gine-gine a Samaru, sai ya ga abin da kakanninsa suka yi da azara da ƙasa ana karanta shi a jami'a.

Baban Amira:
Na fara saukowa. Amma Yankari fa? Wannan ai wanka ne a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki.

Malam Habu:
In an je ba shiri, wanka ne. Yankari na ɗan jogarafi da bayoloji ne, kuma lokacinsa akasin na Samaru: rani, Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a kogin Gaji. Da damina sai ka yini ba ka ga komai ba sai gwaggon biri. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kimanin kilomita 110 ne, ga wanda ya taso daga nesa dole a kwana. Kowane yaro a ba shi takarda mai tambaya biyar da ba ya iya amsawa sai ya duba da idonsa ko ya tambayi ma'aikaci: me ya sa ruwan Wikki yake kan digiri 31 rani da damina, wace bishiya giwa ta fi ɓarewa, me ke haɗa manoman gefen daji rigima da giwaye, wane karatu mai gadin dajin ya yi. Tambaya ta ƙarshen nan a sa ta a kowace tafiya, ko ina aka je. Ruwa kuma, a Wikki malamin da ya iya ninƙaya ya tsaya a ciki, wanda bai iya ba kada ya wuce gwiwa. A dam kam, irin na Tiga, ba shiga ko kaɗan.

Umar Kaduna:
Ba wanda ya taɓo na ƙasar waje. Makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna suna kai yara Dubai da Ingila. Akwai kuma shirin YES na musayar ɗalibai da Amurka.

Dakta Rabi:
Abu biyu ne daban, Umar. Na mako ɗaya a Dubai ko Landan yawon buɗe ido ne mai tsada, kuma illarsa yaro ya dawo ya ƙuduri sai waje, ya saki JAMB. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, iyaye da yawa da suka yi alkawari sun kasa cikawa. Ko za a fita, yaro ya zauna JAMB ya riƙe gurbinsa a gida.

YES kuwa majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002. Ɗan shekara 15 zuwa 17 yake zama da wani iyali a can, ya yi shekarar karatu guda a makarantarsu, kuma a shekarun baya shirin ya ɗebi yara daga jihohin arewa. Kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai saka sunan ɗanka ɗan damfara ne. Wannan kam yana canja yaro, Turancinsa, ƙarfin zuciyarsa, yadda yake magana da wanda ba addininsu ɗaya ba. Inda ake samun matsala dawowa ce. Sakamakon makarantar can ba ya maye gurbin WAEC, kuma manhajarsu ba ta tafiya da tamu, yaro zai iya shekara bai taɓa kemistiri ba. Kafin ya tashi a zauna da shugaban makaranta a rubuta ajin da zai koma, a can kuma ya zaɓi lissafi da darussan kimiyyar da zai zauna a nan.

Hajiya Firinsifal:
Saura abu ɗaya, shi ne aka fi sakaci da shi. Zafin tafiya mako ɗaya yake yi, in ba a yi komai ba ya huce. A cikin makon nan kowane yaro ya rubuta kwas biyu da suka ja hankalinsa. Malami ya buɗe kundin JAMB na shekarar, ba na shekara biyar da suka wuce ba, don ƙa'idoji na canjawa, ya rubuta a gaban kowane kwas darussa huɗun da za a zauna da kiredit biyar ɗin da ake nema. Sannan a ɗora wannan kan sakamakon yaron na zangon da ya wuce. Mai son injiniya da yake cin 35 a lissafi, a gaya masa gaskiya, a ba shi zango ɗaya da darasin yamma a gani. A yi musu bayanin rabon gurbi a jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, don su san zaɓen jami'a ma lissafi ne. A faɗa musu akwai IJMB, karatun share fage mai kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye, akwai ND da HND, difloma da babbar difloma ta poli. Takardar ta tafi gida uba ya gani, don shi zai biya.

Maman Sadiq:
Hajiya, idan makarantar ba ta da malamin fiziks fa, yaro ya dawo yana so?

Hajiya Firinsifal:
Shi ya sa JSS3 ta fi SS1 a irin wannan makarantar. Yaro na da damar neman makarantar kimiyya ko ya canja makaranta a hutun ƙarshen shekara. In ya riga ya shiga SS1, iyayen yaran da abin ya shafa su haɗu da ƙungiyar iyaye su rubuta wa ofishin shiyya a turo ɗan hidimar ƙasa mai fiziks, a rubuta kafin a raba sabon rukuni, a kuma yi masa alkawarin ɗaki, don rashin masauki ne ke sa su neman canjin wuri.

Baban Amira:
Malam Habu, in an tsara ta Oktoba a turo mana lissafin. Alhaji Ɗanlami, kosta biyu za su ɗauki aji mai yara sittin?

Alhaji Ɗanlami:
Ba za su ɗauka ba, ranka ya daɗe. Yara sittin da malamai shida da iyaye biyu mutum 68 ke nan, ga kular abinci da ruwa. Kosta biyu da Hiace ɗaya, kaya su shiga Hiace ɗin, ta biyo baya.